Gani Ya Kori Ji: Abin da Gonakin Ƙasar Kano Suka Koya Mini

Duk mai cin tuwo ya kamata, ko sau ɗaya a shekara, ya taka ya je ya ga inda hatsin ya fito da hannuwan da suka sarrafa shi. Wannan ce maganar da nake so in bar wa 'ya'yana da jikokina, da ma duk wanda ya tashi a birni bai san abinci ba sai a buhu ko a kwano. Na daɗe ina fita ƙauyukan ƙasar Kano. Da farko zumunci ne yake kai ni, daga baya sayen hatsin gida, har ya zamana ina fita don ganin gonar kanta. Yanzu da ƙafa ta yi nauyi, gara in faɗi abin da na samo, ko Allah zai sa wani ya ɗora daga inda na tsaya.

Abu na farko da na koya shi ne ladabin shiga. Gona ba dandali ba ce, wurin neman abincin mutum ne da iyalinsa. Idan baƙo ya isa garin da ba a san shi ba, sai ya fara da mai unguwa ko dagaci, ya gaishe shi, ya faɗi abin da ke tafe da shi. In ya je gona, ya tsaya a bakin iyaka ya yi sallama, ya ce sannu da aiki, ya tambayi ruwa, ya jira a ce masa ya shigo. Ba a taka kunya, ba a tsinkar abin da ba a miƙo ba, ba a ɗaga waya a ɗauki hoton mutum sai da yardarsa. Lokaci ma yana da hukunci. A tsakiyar noman firi ko maimai, manomi ba shi da hantsin da zai ɓata a kan hira, domin ciyawa ba ta jira. Mai son zance ya bari sai la'asar, ko ya zo da kaka. Kuma kada a je hannu rabbana. Goro, sabulu, sukari, duk abin da ya sawwaƙa, domin mutumin ƙauye ba zai bar ka ka tafi haka nan ba, sai ya haɗo ka da rogo ko gyaɗa ko kabewa, ko da shi ke nan abin da ya rage masa.

Wanda ya kiyaye wannan ladabi, za a buɗe masa ilimin da ba ya cikin littafi. Ɗan birni in ya ga gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, sai ya ɗauka rashin tsari ne. Wani dattijon manomi a yankin Minjibir ne ya zaunar da ni ya warware mini lissafin. Gero ake fara shukawa da ruwan farko, cikin wata uku ya nuna, shi ne yake kore yunwar tsakiyar damina. Da an girbe shi, dawa ta samu fili da iska, ta ci gaba har ƙarshen kaka. Wake kuma ana saka shi daga baya a tsakanin layuka, ya yaɗu ya rufe ƙasa, ya riƙe laima, saiwarsa kuma ta ƙara wa ƙasa ƙarfi. In ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya riga ya tsira. In ya yi yawa har gero ya sha wuya, dawa ta rama. Bayan girbi ba abin da ake zubarwa: harawa ta tumaki da awaki ce, kara na danga da rufi da makamashi, kashin dabbobi kuma ya koma gona. Da ƙuruciyata na ga jakuna da mangala suna fita daga cikin birni da toka da shara, suna kai wa gonakin kewaye. Da wannan dabara ce ƙasar da ke zagaye da Kano ta jure noma shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba, alhali jama'a na ƙaruwa. Masanan cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, wadda asalinta ya faro tun 1922, da suka shiga ƙauyuka suka auna wannan haɗin shuka, sun tarar manomi yana da hujja: yana rage kasada, yana kuma cin moriyar ƙasa da ƙarfin aikinsa.

Haka labarin gawo yake. Manomi na iya sare itatuwa da dama a gonarsa, amma da wuya ya taɓa gawo. Itace ne da ke zubar da ganye da damina, lokacin da shuka ke bukatar rana, ya tofo da rani, lokacin da dabba ke bukatar inuwa da abin ci. Ganyen da ya zuba da kashin dabbobin da suka kwanta a gindinsa su ne takin wurin, shi ya sa geron ƙarƙashinsa ya fi na nesa da shi zangarniya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar sun ɗauki wannan sani sun yi nisa da shi. Tun wajen 1983, da ƙarfafawar wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, manoma suka fara barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon su sassabe shi. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba da injina aka yi ba, da wuƙa da haƙuri aka yi. Darasin a nan shi ne, wanda zai je wurin manomi ya je da kunne kafin ya je da baki.

Sai dai gona rabin labari ce. Sauran rabin yana cikin gida, a hannun mata, kuma shi ne wanda aka fi mantawa. Da yake namiji baƙo iyakarsa zaure, nakan tafi da uwargidana ko 'ya'yana mata su shiga, ni kuma tsofaffi su fito mu gaisa su yi mini bayani. Ta haka na san wahalar da ke bayan daddawar da ake jefawa a miya. Kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, tauri gare ta. Sai an dafa ta wuni guda ko a kwana ana iza wuta, a surfa a cire ɓawon, a wanke a rairaye, a sake dafawa, sannan a rufe ta ruf a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ta tashi. Daga nan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Kusan mako guda na itace da ruwa da hayaƙi ke nan. Mai ƙuli-ƙuli ma haka: ta soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe, ta kai niƙa, ta zauna tana tuƙawa da ɗan ruwan zafi har mai ya tsatso, ta matse, ta murza tunkuzar ta soya a cikin man da ya fito daga jikinta. A Kura kuwa, tsakanin shanshera da shinkafar da muke dafawa akwai matan da ke jiƙawa, su turara a manyan tukwane, su shanya, kafin a kai inji. Wata dattijuwa mai daddawa ta lissafa mini kuɗin kalwa da na itace, muka cire daga abin da take sayarwa. Ribar da ta rage ba ta taka kara ta karya ba, amma da ita take sayen sabulu, ta yi biki, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki. Tun daga ranar na daina yarda a matsa wa irin waɗannan mata da tayi a gabana. Nairorin da mai saye yake murnar ya rage, su ne ladan gumin mai sana'a.

Wurin da ya fi koya mini yadda arziki da asara suke maƙwabtaka shi ne Kadawa, yankin noman rani da ke shan ruwan Tiga. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ce ta sauya rayuwar Kura da Bunkure da Garun Malam. Mutanen da a da suke tafiya cin rani da zarar an ɗaure dami, sai suka zauna gida suna noman alkama da shinkafa da albasa da tumatir a tsakiyar hunturu. Wanda ya tsaya a Kwanar Gafan a kan hanyar Zariya lokacin kakar tumatir zai ga kwanduna iya ganinsa, da manyan motoci ana yi musu lodi zuwa Legas. Amma a wannan yalwar ne manomi yake kuka. Kowa ya shuka lokaci ɗaya, kowa ya tsinka lokaci ɗaya, tumatir kuma ba ya kwana biyu a rana bai narke ba. Dillali ya san haka, mai sari ya san haka. Sai farashi ya faɗi har kuɗin kwando ya kasa biyan taki da man injin ban ruwa. Wasu su yanka su shanya a yi kauɗa, wasu su bar shi ya ruɓe a gona domin kuɗin tsinka ya fi abin da za a samu. A 2016 kuma tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta afka wa gonaki a Kano da Jigawa da Kaduna, ta cinye ganye da 'ya'ya cikin 'yan kwanaki. A shekarar mutanen birni sun yi ta ƙorafin tsadar tumatir, amma ƙalilan ne suka tambayi halin da wanda ya ci bashi ya shuka yake ciki. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin irin wannan gona ba zai ƙara cewa manoma ne suke tsawwala wa jama'a ba.

Ko a hatsi ma haka zancen yake. Da kaka manomi yana sayarwa da arha, ba don yana so ba, sai don bashin taki da hidimar aure da kuɗin makaranta sun taru sun jira shi. Hatsin ya tafi kasuwar Dawanau ya kwanta a sito. Da bazara, in rumbunsa ya yi ƙasa, shi ɗin ne zai dawo ya sayi tiya da tsada. Saboda haka na gane cewa iya ajiya daidai yake da iya noma. Wake ne ya fi ba da wahala, domin ƙwaro yana huda shi tun daga gona. Wasu sukan zuba masa maganin ƙwari mai guba, abin da ya kai ga Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Mu da muke cin ƙosai da alala kullum mu ne muka fi cancantar mu damu. Na yi farin ciki da na fara ganin buhun nan mai ruɓi uku na PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da takwarorinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a 2007. Leda biyu ne a cikin buhu, a ɗaure kowacce tam, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Manoma sun karɓe shi domin sun gwada sun gani. Manomi ba ya ƙin sabon abu, abin da yake ƙi shi ne a sa shi caca da abincin shekararsa.

Tsufa ya kuma nuna mini cewa babu amfanin gonar da ya isa a jingina da shi shi kaɗai. Na ga dalar gyaɗa da idona. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗin talaka, ta kuma ɗaga attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Sai ga farin 1973, sai cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa a 1975, ga kuma kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma daga gona. Cikin 'yan shekaru filin dala ya zama wayam. Gidajen da suka tsallake wannan zamani da mutuncinsu su ne waɗanda ba su taɓa barin gero da dawa da 'yar akuya a turke ba.

Akwai kuma abin da nake tunawa da kewa, wato zaman manomi da makiyayi. Na ga lokacin da mai gona da kansa yake zuwa ruga bayan girbi ya roƙi Bafulatani ya sauke shanunsa a gonarsa. Shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba da dami, matan ruga su kawo nono da man shanu su karɓi hatsi. Burtali a buɗe, mashaya a buɗe. Yau gonaki sun cinye burtali da yawa, zukata sun yi tauri, a wasu sassan Zamfara da Katsina ma 'yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu ɗungurungum. Duk buhun da ya yi tsada a birni, akwai gonar da ba a shuka ba a bayansa.

To, 'ya'yana, ga abin da nake roƙonku. In kaka ta yi, ku nemi garin da hanyarsa take lafiya, ku ɗebi yara ku kai su. Su ga yadda ake ɗaurin dami da sussuka da shiƙa, su ga manomi yana ware dami ɗaya cikin goma na zakka kafin ya rufe rumbu. Ku sayi abin da za ku iya daga hannun wanda ya noma ko wadda ta sarrafa, ku biya ba tare da ƙwara ba, in kun ji daɗin kayan ku koma baɗi wurin mutum ɗin. Mai ilimin zamani a cikinku, ko injiniya ne ko likitan dabbobi ko ma'aikacin banki, ya tambayi manomi inda ke yi masa ciwo kafin ya kawo magani. A gida kuma ku hana yara zubar da abinci, ku gaya musu watannin da aka yi ana wahala kafin ya iso kwanonsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da waɗanda aka kora gonakinsu lafiya, ya sa wa manoma da masu sana'ar abinci albarka a cikin guminsu.