Wutar da Ake Hurawa Kafin Faɗuwar Rana

A ƙauyenmu, can cikin ƙasar Malumfashi, lissafin shekara iri uku muke yi a lokaci guda. Akwai shekarar gwamnati, wadda ba ta dame mu ba sai in an zo maganar kuɗin makaranta ko ranar zaɓe. Akwai shekarar gona, wadda sama ke yanke wa hukunci. Ta uku ita ce shekarar Ikilisiya, mai kamawa a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, daidai lokacin da dawa ke shiga rumbu, iskar hunturu ta fara tsage leɓe. Mu Hausawa ne, jikokin waɗanda ake kira Maguzawa, kuma 'yan Katolika tun zamanin da Fadoji na ƙungiyar Dominikan suka zo daga Amurka a shekarun 1950 suka kama aiki a yankin Sakkwato da Katsina. A jami'a na sha ganin mamaki a fuskar abokan karatu idan suka ji Hausar bakina sannan suka gan ni da gicciye a wuya. A gida kuwa ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan abin tambaya.

Ba mu da Fada mazauni. Cocinmu reshe ne, ɗaya daga cikin rassa da dama da ke ƙarƙashin babban coci guda, kuma Fada kan zagayo mu bisa babur in layi ya zo kanmu. A watan Agusta, idan rafi ya kawo, sai dai mu ji labarinsa. Sauran ranakun Lahadi katikis ne ke riƙe da mu: ya karanta Littafi, ya yi wa'azi, ya ja addu'a, amma ba shi da ikon keɓe gurasa da ruwan inabi. Shi ke koyar da yara katikisim a gindin darbejiya, shi ke binne matattu, shi ke sasanta ma'aurata, kuma gonarsa na jiransa kamar ta kowa.

Wannan ya sa sakramenti a wurinmu ke da lokacinsu kamar amfanin gona. Katikisim ya koya mana cewa bakwai ne, muka haddace su a jere, amma ƙauye ya san su ne ta yanayin da suke zuwa. Aure na bayan kaka ne, sa'ad da aka sayar da waken suya da masara, aljihu ya ɗan yi nauyi, kuma kafin azumi ya kama. Baftismar manya ta daren Ista ce. Furta zunubi ana yin sa duk ranar da Fada ya zo, a kan benci bayan coci, mutane su yi layi nesa kaɗan saboda kunne. Ƙarfafawa kuwa sai Bishop ya zo da kansa, kuma a dā daga Sakkwato yake tasowa, don haka yaro na iya fara gemu bai samu ba. Sai a 2023 aka ba Katsina nata dayosis, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan wannan yanki namu, ya zama Bishop na farko. Ranar da labarin ya iso, tsofaffin mata sun yi guɗa har muryarsu ta dushe. Shafewar marasa lafiya ita ce mai ban tausayi, domin ciwo ba ya duba jadawalin Fada, kuma sau da yawa man yakan iso bayan an gama haƙa kabari.

Farkon shekarar ba shi da wahalar so. Makonni huɗu na jiran Kirsimeti suna faɗowa cikin ƙoshi. Kafin su ma, a Lahadin Kristi Sarki, mukan fita zagaye da Jibi Mai Tsarki ta tsakiyar gari, ana kiɗa ana durƙuso cikin ƙura. A wasu ƙasashe wajen watan Yuni ake wannan zagaye, amma a Nijeriya an mai da shi Nuwamba saboda ruwan sama, kuma na daɗe ina ganin hikimar hakan. A wannan tsakani ne ake godiyar kaka, kowane gida ya kawo dami ko kaza ko kwaryar gyaɗa gaban bagadi, a yi gwanjonsu bayan Mas, a tara abin gyaran rufi. Ranar Kirsimeti shinkafa da nama kan tsallaka zuwa gidajen maƙwabtanmu Musulmi, kwanukan su dawo mana da Sallah.

Larabar Toka ita ce ranar da nake tuna kakana. Ya auri mata biyu tun kafin bishara ta iso gidanmu. Dokar Ikilisiya a fili take: mai son baftisma sai ya zauna da mace ɗaya. Shi kuma ya ce ba zai kori matar da ta haifa masa 'ya'ya, ta yi noma tare da shi a shekarun yunwa, don a zuba masa ruwa a ka ba. Filin da aka gina cocin nasa ne, kyauta ya bayar. 'Ya'yansa duka an yi musu baftisma. Shi kuwa ya yi shekaru fiye da talatin a bencin baya, in aka tashi karɓar Jibi sai ya janye ƙafafunsa don jikokinsa su wuce. Rana ɗaya tak a shekara yake shiga layi, ranar toka, domin toka ba sakramenti ba ce, ana shafa wa duk wanda ya miƙo goshi. Yakan sa babbar rigarsa saboda ita, kuma ba ya wanke fuska sai dare. Ban taɓa jin ya zargi Fada ba, ni ma ban ga inda zan ɗora laifi ba. Doka na da dalilinta, tsohon kuma na da nasa. An yi masa baftisma a daren Ista bayan rasuwar uwargidansa, yana dogara sanda, tare da yara sa'o'in jikokinsa.

Tokar nan daga ganyen Lahadin Dabino na bara ake ƙona ta, wanda ya shekara a soke jikin azara. Daga ranar an shiga kwana arba'in. Bagadi ya koma shunayya, an daina rera Halleluya, kowace Jumma'a da la'asar a bi Hanyar Gicciye tasha goma sha huɗu. Abin da doka ta wajabta ba shi da yawa: azumi a Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau, da barin nama a ranakun Jumma'a. Wannan na ƙarshe yakan ba tsofaffinmu dariya, su ce wanda ke ganin nama daga kasuwa sai kasuwa me zai bari? Saboda haka da yawansu kan kame baki har faɗuwar rana, yadda suka ga maƙwabta na yi. A 2025, da Ramadan ya kama a farkon Maris, Larabar Toka kuma ta faɗo ranar 5 ga watan, gari ya yi tsit gaba ɗaya da rana, mai ƙosai ba ta dasa kasko sai yamma.

Tun taron Nisiya na shekarar 325 ake ƙoƙarin daidaita ranar Ista, kuma ƙa'idar da ta zauna ita ce Lahadin farko bayan cikar wata da ta faɗo ranar 21 ga Maris ko bayanta, don haka ba ta fita tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A Turai lokacin ne itatuwa ke tohowa bayan sanyi, wa'azin tashi daga matattu ya samu shaida a bakin taga. Mu kuwa a tsakiyar bazara take riskar mu. Rijiyoyi sun ja baya, ƙasa ta tsattsage, rumbu ya fara nuna gindi, sanƙarau da ƙyanda na yawo. Ba ciyawa ɗaya kore da mai wa'azi zai nuna. Ina ganin shi ya sa daren Ista ya fi nauyi a wurinmu: abin da ƙasa ta hana ido, dare da wuta ne suke ba shi.

Ga yadda na san daren ina yaro. Tun la'asar ta Asabar rassa ke ɗunguma zuwa babban coci, wasu a ƙasa, wasu a amalanke, mata da tabarmi da goyo. Ƙararrawa ta yi shiru tun daren Alhamis. Sai duhu ya kankama sosai ake hura wuta a fili da karan dawa da itace, Fada ya sa mata albarka, ya kunna babban kyandir na Ista, ya shiga da shi cocin da babu ko fitila ɗaya. Daga wannan harshe guda na kusa zai kunna nasa, ya miƙa wa na bayansa, har ka ga fuskoki na fitowa ɗaya bayan ɗaya, ka gane gwaggonka ta wani ƙauye da ka shekara ba ka gani ba. Sannan a zauna a saurari karatu bakwai daga Tsohon Alkawari, tun daga halittar duniya da ƙetare Bahar Maliya, yara na gyangyaɗi a cinyar iyaye. Kwatsam sai ƙararrawa ta ɓarke, 'yan Zumuntar Mata su saki tuluna da caki, guɗa ta tsaga rufi. Bayan haka a kira masu neman baftisma, waɗanda suka yi shekara biyu ko uku a gindin darbejiya, a zuba musu ruwa sau uku, a sa musu farin ƙyalle. Mukan kwana a harabar coci, mu kama hanya da asuba.

Yanzu ba a yin haka. A watan Mayu na 2021 'yan bindiga suka shiga gidan Fadoji na cocin St. Vincent Ferrer da ke Malumfashi da dare, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da wani dattijon Fada. Shekara na zagayowa aka sace wasu Fadoji biyu a Gidan Mai Kambu, ƙasar Kafur. Masifar ba ta tambayar addini. Maƙwabtanmu Musulmi sun binne nasu, sun sayar da shanu sun biya fansa, an ma buɗe wa masallata wuta a wurare da dama. Amma tasirinta a kan shekararmu ta ibada na musamman ne, domin manyan bukukuwanmu biyu na dare ne. Mas ɗin daren Kirsimeti ya dawo yamma. Tsaron daren Ista, wanda littafin ibada ya ce kada a fara shi sai rana ta faɗi kuma a gama kafin wayewar gari, mu da ƙarfe huɗu muke fara shi, don kowa ya isa gida da sauran haske.

Wuta da ƙarfe huɗu na yamma a watan Afrilu abin tausayi ce. Hayaƙi kawai ake gani. Kyandir na ci amma sai ka kāre shi da tafin hannu kafin ka tabbata. Mai rera shelar Ista yana ta yabon wannan dare mai albarka, rana kuwa na dukan kwanon rufi. Ƙanwata, wadda aka yi wa Jibin farko bara, ba ta taɓa ganin wancan daren ba, kuma da na ba ta labari sai ta saurare ni yadda ake sauraren tatsuniya.

An yi muhawara a kwamitin coci. Matasa suka ce a koma dare, a sa 'yan banga su kewaye haraba. Dattawa suka ce wanda bai taɓa bin sawun ɗansa cikin daji ba shi ke wannan magana. Ina tare da dattawa. Ba a ajiye mata da jarirai ɗari uku a fili da tsakar dare don a cika ƙa'ida, kuma hanyar komawa ta fi harabar haɗari. Inda na rabu da wasunsu shi ne wajen cewa ba a rasa kome ba tunda Allah zuciya yake dubawa. Gaskiya ne yana duba zuciya. Sai dai addinin da aka rene mu a ciki bai taɓa tsayawa a zuciya kaɗai ba. Da ruwa yake aiki, da mai, da toka, da gurasa, da hannun da ake ɗorawa a ka. Amsar farko da muka haddace game da sakramenti ita ce alama ce da ake gani ta alherin da ba a gani. Kakana bai yi shekara talatin yana jiran wani tunani ba, ruwa yake jira a goshinsa. In haka ne, duhun ma wani ɓangare ne na abin da ake faɗa, kuma wanda ya raba mu da shi ya ƙwace mana wani abu, ko da bai taɓa ko akuya ɗaya ba. Gara a faɗi haka a fili da a saba har a manta.

'Yan Zumuntar Mata ba su shiga muhawarar ba, ba a ma tambaye su ba. Amma a Istar da ta wuce, tun da hantsi suka zo da zannuwansu na ajiya, da barguna, da buhunan taki da aka farke aka ɗinke. Suka sa samari suka hau benci, aka toshe kowace taga da kowace kafa ta iska, aka rataya bargo biyu a bakin ƙofa. Katikis ya yi ta gunaguni kan zafi, kuma yana da gaskiya, domin ciki ya zama kamar tanda, wata tsohuwa ma sai da aka fitar da ita aka yayyafa mata ruwa. Duhun bai cika ba. Rana na ɓullowa ta hujin ƙusa a kwano, zanen atamfa na bayyana ja da shuɗi a jikin taga. Duk da haka, da Fada ya shigo da kyandir aka saki bargon a bayansa, harshen wutar ya tsaya a fili, aka gan shi daga bencin ƙarshe. Na ga ƙanwata ta karɓi wuta daga hannun wata mata, ta juya tana neman wanda za ta miƙa wa.

An taƙaita karatu zuwa uku, kamar yadda doka ta yarda in akwai dalili. An yi wa mutum goma sha ɗaya baftisma. Ƙarfe shida da 'yan mintoci aka sallame mu, mata suka sauke zannuwansu suka ninke, masu babura suka yi ta kiran 'yan ƙauyensu, kuma ba wanda ya tsaya dogon gaisuwa saboda mutanen rassan nesa na da rafi biyu a gabansu kafin magariba.