Kaskon da Ya Cinye Mana Aku



Shekara shida ina amfani da wani kaskon suya da na saya a kasuwar Mont-Bouët, irin mai baƙin shafen nan a ciki wanda ba ya kama abinci. Ba shi da suna, ba shi da takarda, araharsa ce ta ja ni. A hankali cokalin ƙarfe da soson waya suka zane cikinsa, shafen ya soma ɓarewa, har nakan tsinci baƙin ɓarɓashi a cikin wainar ƙwai. Sai in tsince, in zuba wa yara.

Wata asuba cikin azumi na ɗora shi a kan gas babu komai a ciki, ƙaramin yaro ya farka da kuka, na tafi na manta. Da na dawo sai na tarar da wani wari mai yaji ya cika ɗakin girki, tagogi kuma a rufe saboda ruwan sama. Akun maigida, wanda ya shekara goma sha ɗaya a gidanmu, har yana iya amsa sallama, kejinsa na rataye a bakin ƙofa. Kafin hantsi ya mutu. Ni kuma na wuni da ciwon kai da zazzaɓi, ina zaton na sauro ne.

Bayan haka ne na shiga tambaya da karatu. Wannan shafe dangin roba ne da ake kira PTFE ko Teflon. Wani masani Ba'amurke, Roy Plunkett, ya gano shi a 1938, sannan injiniya Marc Grégoire na Faransa ya shafa shi a kasko, ya kafa kamfani a 1956. Muddin wuta na daidai, ba ya haɗuwa da abinci, ɓarɓashinsa ma idan an haɗiye yakan wuce ta ciki ya fita. Amma idan zafi ya haura digiri 260 sai ya fara lalacewa, daga 350 zuwa sama kuma yana fitar da hayaƙi mai sa mutum zazzaɓi kamar na mura, mai kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci. Kaskon da babu komai a cikinsa mintuna kaɗan yake bukata a kan wuta mai ƙarfi ya kai wannan zafi.

To, ina laifin tsufan kasko? Idan shafen ya zaizaye, abinci ya soma kamawa, sai uwargida ta ƙara wuta, ta ƙara kankara, ɓarna ta ƙaru a kan ɓarna. Akwai kuma wani sinadari, PFOA, da aka daɗe ana amfani da shi wajen haɗa shafen. Ƙasashen duniya sun sa shi cikin jerin abubuwan da za a daina a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm a 2019, hukumar binciken ciwon daji ta duniya kuma ta lissafa shi cikin masu jawo cutar a 2023. Manyan kamfanoni sun daina aiki da shi, amma kaskon da ba a san asalinsa ba, wa zai tsaya masa shaida?

Na ce to, bari in koma ga tukwanen dalma na maƙera. Nan ma sai na tarar da wata magana. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe a maƙwabciyarmu Kamaru ya nuna suna iya sakin gubar dalma cikin abinci, musamman mai tsami. Duk Bahaushen da ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da wannan guba ta kashe a 2010, sanadiyyar haƙar zinariya, ba zai raina ta ba. Gudun gara, kada a faɗa gidan zago.

Abin da na tsaya a kai shi ne: kaskon baƙin ƙarfe mai nauyi don suya, a riƙa shafa masa mai, a shanya shi bayan wanki don kada ya yi tsatsa, ga laimar Libreville. Tukunyar farin ƙarfen da ake kira inoks don miyar tumatir da kunun tsamiya. Waina kuwa na koma mata da tandar ƙasa irin ta kakanninmu. Wadda kaskonta mai shafe yake da lafiya ba sai ta jefar ba: ta rage wuta, kada ta ɗora shi babu komai, ta yi aiki da cokalin katako, ta buɗe taga.

Saura tsohon kaskon. Hannuna ya kasa jefar da shi, domin an hore mu da ƙin almubazzaranci. Na wanke shi, na ajiye da niyyar ba wata maƙwabciya mai ƙaramin ƙarfi. Surukata ta gani, ta ce, "'Yar nan, ina za ki da wannan?"

Na ce, "Sadaka zan yi da shi, Inna."

Ta ce, "Abin da kika tsame 'ya'yanki daga cikinsa za ki tura na wata? Ita ba ta da aku da zai mutu ya yi mata gargaɗi."

Kunya ta rufe ni. Ranar nan maigida ya lanƙwasa kaskon da guduma, washegari na saya wa maƙwabciyar na baƙin ƙarfe irin nawa.

Lafiyar iyali amana ce. Kowace ta ɗauki kaskonta ta duba cikinsa a hasken rana. Allah Ya tsare mana zuriya, Ya sa albarka a abin da muke dafawa, amin.