Tattaki a Samaru: Shuke-shuken da Ba a Kai Su Baki

Duk wanda ya san Samaru ta Zariya a ƙarshen damina ya san yadda gari ke yin shar. Gefen titi, bayan katanga, ƙofar gidajen malamai, ko'ina ganye ne da fure. Mu shida ne, ɗaliban sashen nazarin tsirrai, muka ware wata Asabar muka taka da ƙafa daga wajen masu sayar da furanni har bayan gari, muna ƙirga tsirrai masu dafi da mutane ke zaune da su.

A wajen masu furanni muka fi daɗewa. Abin da ya fi jan ido shi ne kariya, mai kaurin gindi da fure ja-ja, wadda ake jerawa a ƙofar gida don ado. Ruwan jikinta yana ɗauke da dafin da ke rikita bugun zuciya, kuma maharba a sassan Afirka sun daɗe suna shafa shi a kan kibiya. Kusa da ita akwai wata mai faffaɗan ganye da ɗige-ɗigen fari, irin wadda kuke gani a falo da ofisoshi. Sunanta Dieffenbachia, asalinta nahiyar Amurka ne, kuma Turawa suna mata laƙabin da ke nufin karan bebe. Sun yi gaskiya. A cikin ganyenta akwai wasu ƙananan allurai da ido ba ya gani. Idan yaro mai rarrafe ko kyanwa ta tauna, baki ya yi zafi, harshe ya kumbura, yawu ya yi ta dalala, wani lokaci magana ma ta gagara. A ganinmu wannan ta fi kariya zama abin damuwa, domin a ƙasa ake ajiye ta, daidai hannun yaro.

Da muka ratsa unguwa sai ga shingen bini-da-zugu. 'Ya'yansa suna da gardi kamar gyaɗa, shi ya sa yara kan ci da yawa kafin amai da gudawa su taso. A kan juji kuwa zurma ce ta yi tsaye da tafkeken ganyenta. Man da ake tacewa daga gare ta magani ne, amma cikin ƙwayar akwai dafin risin. Da shi aka kashe marubucin ƙasar Bulgeriya Georgi Markov a Landan a shekarar 1978, ta hanyar harba masa wani ɗan mitsitsin ƙarfe a cinya. Ga shi nan a bayan gidajenmu, kaji na kiwo a gindinsa.

Zaƙami ba sai mun gabatar muku da shi ba. Farin furensa mai kama da kakaki yana da kyau, amma ba a banza ake ce masa haukata-yaro ba. Yana busar da baki, ya buɗe ƙwayar ido, jiki ya ɗau zafi, mutum ya riƙa ganin abin da babu. Matsalarsa ita ce ƙarfin dafin ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, don haka saurayin da ke cika baki cewa ya san gwargwado, ƙarya yake yi.

A bayan gari tumfafiya ce ta yi mana rakiya. Ana amfani da ita wajen daskarar da madara a yi cuku, amma farin nononta idan ya shiga ido yana iya dusashe gani na kwanaki.

Idan tsautsayi ya gitta, a cire ragowar ganyen daga baki, a kurkure da ruwa. Idan ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta kamar na minti 15. Kada a tilasta amai, kada kuma a tsaya ɗura manja ana jiran sauƙi. A tafi asibiti, dabba kuma a kai ta wurin likitan dabbobi, a riƙe reshen tsiron a leda domin a gane abin da aka ci.