Daga Gubuchi Zuwa Tiga: Kwanan da Ba Mu Shirya Masa Ba

Alkawarin yara ne ya fitar da ni daga Gubuchi ranar Laraba, 31 ga Yulin 2024. Tun da azumi na ce wa 'ya'yan Kawuna uku zan kai su Kano kallon hawan Babbar Sallah. Kafin Sallar ta zo rikicin sarauta ya ɓarke: a watan Mayu gwamnatin jiha ta mayar da Muhammadu Sanusi II gidan Dabo, Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan Nasarawa, 'yan sanda suka hana hawa gaba ɗaya. Yaro ba ya mance bashi. Da aka ba su dogon hutu suka tasa ni gaba, na ce to, tunda dawaki sun gagara, mu je mu ga ruwa a Tiga.

Kawu bai so ba. Yana zaune a zaure yana gyaran kotar fartanya, rediyo na gefensa, ana ta maganar zanga-zangar tsadar rayuwa da aka sa wa rana ɗaya ga Agusta.

"Gobe jibi ake cewa za a fito, kai kuma yanzu ka ga damar yawo da yara?"

Na ce, "Kawu, ku kwantar da hankalinku. Abin na cikin birni ne. Mu bakin ruwa za mu, kwana ɗaya mu juyo."

Ya ajiye fartanyar ya ba ni labarin da na sha ji, amma ban taɓa saurara da kunnen basira ba. A watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, ya kai mazarƙwaila Zariya, tarzoma ta rutsa da shi. Gwamnatin Patrick Yakowa ta sa dokar hana fita dare da rana. Kwanansa biyu a shagon wani abokin cinikinsa, da mazarƙwailar da ya kai sayarwa da ruwan randa suka rayu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 aka kashe a jihohi 12 na Arewa cikin kwana uku, kuma Kaduna ta fi kowace jiha asara. Kawu bai san wannan lissafi ba. Abin da ya riƙe shi ne, shi ma ya fita da niyyar kwana a gida. Daga ƙarshe ya yarda, bisa sharaɗi biyu: mu tafi da direban garinmu da ya sani, kuma in karɓi lambar wani masunci da suka yi cinikin rake shekaru da dama. Na rubuta lambar don in faranta masa rai kawai.

Marka ce, ƙasa ta sha ruwa. Daga Gubuchi har Makarfi rake ya rufe fadamu, masara ta fitar da gemu, iska tana ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A Tashar Yari muka hau babban titin Zariya zuwa Kano. Direba ya tsaya shan mai yana ƙorafi, domin tun da aka janye tallafi a Mayun 2023 lita ta haura naira 600, shi ya sa ma ya zuba na zuwa kawai, ya ce na dawowa sai gobe. Ban ce masa komai ba, wannan shirun kuwa ya zo ya dame mu. Muka wuce Kwanar Ɗangora, inda hanyar Tudun Wada da dajin Falgore ta ɓalle, yaran suna ƙirga manyan motoci.

Duk wanda ya girma yana ganin rafi da kududdufi, ranar da ya fara tsayawa a bakin Tiga sai ya yi shiru. Autan Kawu ya riƙe min riga ya ce, "Yaya, ina ƙarshensa?" An gina madatsar a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Audu Baƙo, kuma ruwanta ne ke shayar da gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura. Audu Baƙo bai tsaya ga noma kaɗai ba, ya so mutane su riƙa zuwa hutawa. Otal ɗin Rock Castle yana nan a kan tudu yana kallon ruwa, a Bagauda ma an yi otal na bakin tafki, wanda yanzu ya koma makarantar horar da lauyoyi. Mu dai a wani ƙaramin masauki muka kama ɗaki biyu.

Yaran sun so shiga kwalekwale, na hana. Babu rigar kariya ko ɗaya a wurin, ni kuma ban mance da Bagwai ba, inda jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari a ƙarshen Nuwamban 2021, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya. Muka zauna kan dutse muka ci soyayyar karfasa da yaji. A raina ina ganin na gama tsare amanar da aka ba ni, tunda hatsarin da idona ya gani na kauce masa.

Ranar Alhamis da hantsi labari ya fara shigowa gutsure-gutsure. Layin waya yana zuwa yana ɗaukewa. Wani ya ce an nufi gidan gwamnati, wani ya ce an fasa shaguna, wani ya nuna mana bidiyon matasa suna kwasar kujeru da kwamfutoci daga sabuwar cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa, wadda ko buɗe ta ba a yi ba. Can da rana Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar da dokar hana fita ta awa 24 a faɗin jihar. Babu wanda ya jefi kowa a Tiga. Ruwa yana kwance, balbela na bin shanu. Amma mu baƙi ne daga wata jiha, tankinmu ya kusa ƙafewa, gidajen mai sun rufe, mai POS ya kulle rumfarsa ya tafi, kuɗin hannuna kuma na kwana ɗaya ne.

Direba ya ce mu bi ta ƙauyuka, ya san hanyoyin da za su fitar da mu ta wajen Ikara ba tare da mun taɓa kwalta ba. Na kusa yarda. A lokacin ne na tuna da lambar masuncin da Kawu ya ba ni.

Dattijon ya zo da kansa a kan keke, hularsa a jiƙe. Ya gaishe ni, ya tambayi Kawu da iyali da damina, sannan ya dubi direba.

"Ɗana, da yara uku za ka shiga daji da marka, mai ba ya isarka? In mota ta kafe a laka wa za ka kira? In 'yan sintiri suka tare ku da dare, a rana irin ta yau, wa zai ce ya san ku? Ku zauna. Ruwa ba ya gudu, gida ma ba ya gudu."

Na ce, "Baba, kuɗin ɗaki ne ba mu da shi."

Ya ce, "Wannan maganata ce da mai masauki."

Da magariba matarsa ta aiko da tuwon masara da miyar kuka da kifi a ciki. Yaran suka ci suka yi barci, su a wurinsu an ƙara musu kwana ɗaya ne na hutu.

Ni ban runtsa ba. Na fito na zauna da maigadi, wani tsoho mai tocila da gora. Na tambaye shi ko akwai abin da aka tsara a yi idan tashin hankali ya iso ƙofa. Ya ce akwai lambar ofishin 'yan sanda a jikin bango, sai kuma Allah. Ban ga laifinsa ba, kuma ban ga laifin mai masaukin ba, wanda ya yi mana alheri. Haka abin yake kusan ko'ina a ƙasar nan. Ana gina katanga, a sa ƙofar ƙarfe, a ɗauka an gama da tsaro. Tunanina ya tafi Kajuru. Ginin nan na dutse da wani Bajamushe ya yi a kan tsauni a shekarun 1980, mai hasumiya kamar na sarakunan Turai, ai ba a rasa katanga a can ba. Amma a daren Juma'a, 19 ga Afrilun 2019, 'yan bindiga suka kai hari, suka kashe Faye Mooney, 'yar Ingila mai aikin agaji da Mercy Corps, da Matthew Oguche ɗan Najeriya, suka tafi da mutum uku. Wata biyu kafin nan, ana jajibirin zaɓe, an yi kashe-kashe a ƙauyukan ƙaramar hukumar, har Gwamna Nasir El-Rufai ya fara ambatar mutum 66, daga baya ya ce 130. Mutanen yankin sun san ƙasa ba ta huce ba. Baƙon da ya ga hoton wuri a waya ya yi sha'awa, da wuya wannan labari ya kai kunnensa, sai in yana da wanda zai tambaya a can.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bambancinmu da masu yawon buɗe ido na waje. A Janairun 2017, da Yahya Jammeh ya ƙi sauka bayan Adama Barrow ya kayar da shi, kamfanin Thomas Cook ya aika jirage Gambiya ya kwashe Turawan da ke hutu a bakin teku. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 Faransa ta yi haka a Yamai. Su suna da ofishin jakadanci mai gargaɗinsu tun kafin su ɗaura kaya, da inshora, da jirgi. Ɗan Gubuchi da ya fita da yara ba shi da ko ɗaya daga ciki. Abin da zai dogara da shi cikakken tanki ne, da tsabar kuɗin kwana uku a aljihu, da wayar da ke da caji, da mutum ɗaya a garin da zai ce "nawa ne". A cikin huɗun nan na ƙarshen kaɗai na zo da shi, shi ma Kawu ne ya cusa min. A ganina hukumomin yawon buɗe ido na Kano da Kaduna suna da aikin da ba ya cin kuɗi mai yawa: idan an sa ranar zanga-zanga ko zaɓe, a fito a rediyo da Hausa a gaya wa mutane wace hanya ce a buɗe, a kuma wajabta wa kowane masauki ya san inda zai kai baƙinsa da wanda zai kira.

Da asuba na bi Baba bakin ruwa. Kwalekwale sun dawo da kifi, amma dillalan Kano ba su zo ba, babu motar da za ta ɗauka. Mata suka hau ƙyafe shi a kan wuta don kada ya lalace, kuma kowa ya san ƙyafaffe ba zai yi kuɗin ɗanye ba a irin wannan rana. Baba bai zagi masu zanga-zanga ba. Ya ce shi ma kwanon masara ya fi ƙarfinsa, yunwar da ta fitar da su gaskiya ce. Ya dai ƙara da cewa duk ranar da birni ya yi atishawa, su na bakin ruwa ne ke kwana da zazzaɓi, kuma baƙon da ya tsorata sau ɗaya sai a shekara ba a sake ganinsa ba.

Da aka sassauta dokar saboda sallar Juma'a, wani ɗan Baba ya samo mana galan biyu na mai a wurin 'yan bumburutu, bashi, da sunan mahaifinsa. Muka kama hanya. Titin da muka saba gani cike da tireloli ya zama fayau. An tsayar da mu sau uku, kowane shinge sai an leƙa an ga yara sannan a ɗaga mana hannu. Ranar Litinin, 5 ga Agusta, aka sa irin wannan doka a Kaduna da Zariya. Daga baya Amnesty International ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a kwanakin zanga-zangar, 'yan sanda kuma suka musanta.

A ranar Juma'ar mun shiga Gubuchi ana kiran la'asar. Kawu yana tsaye a bakin hanya, ba a zaure ba, kuma Inna ta gaya min tun jiya can yake wuni. Ya ƙirga 'ya'yansa da ido, ya shafa kan Auta, wanda ya riga ya fara ba shi labarin ruwan da ba shi da ƙarshe. Ni bai ce min komai ba sai bayan isha'i, ya kira ni ya tambayi nawa ne kuɗin mai da na ɗaki. Washegari ya sa aka ɗaure mazarƙwaila cikin buhu, ya haɗa da kuɗin, ya ce da zarar hanya ta lafa in kai wa Baba da hannuna.