Kada Mu Rarrashi Yaro Da Ƙarya

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

'Yan'uwa Musulmi, kwanan baya muka shiga mota daga Aliero za mu Maiyama, tare da ɗanmu mai shekara 2 da rabi. Tun kafin mu fita gari ya fara rigima, watau irin kukan nan na naci wanda ba hawaye. Muka ba shi ruwa ya ƙi, muka ɗora shi bisa cinya ya zame. Da muka ga idon jama'a ya dawo kanmu, sai kunya ta sa muka ce masa, "Yi shiru, in mun kai Jega za mu saya maka ƙosai." Nan take ya yi shiru. Mota ta tsaya Jega, ta tashi, ba mu sayi kome ba, domin dā ma ba mu yi niyya ba.

Muna sauka Maiyama sai yaro ya kama rigarmu, ya ce, "Baba, ƙosai." Wani dattijo, falken albasa, wanda muka zauna kusa da shi, ya dube mu ya ce, "Malam, yaro ya biyo bashinsa. In ni ka yi wa wannan alkawari a kasuwa, da ka cika." Muka rasa ta cewa.

Lalle dattijon nan ya yi gaskiya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amiru ta kira shi yana ƙarami da alkawarin za ta ba shi wani abu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta abin da za ta bayar, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi kome ba, da an rubuta mata ƙarya. To, ina ga mu masu cewa dodo na zuwa, ko likita zai yi allura, don kawai mu sami sararin kunne?

Kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Ashe kukan yaro abin saurare ne. Mai shekara 2 ko 3 bai mallaki kalmomin da zai faɗi damuwarsa ba, sai ya faɗe ta da kuka. Sau da yawa yunwa ce, ko barci, ko zafin rana, ko zazzaɓi ne ke tafe. Namu dai barci ne, ko ƙosan da muka saya masa a tasha bai cinye ba ya ɓingire.

Saboda haka, mu fara bincika dalili, mu taɓa jikinsa. In abin da yake so mai yiwuwa ne, mu ba shi tun kafin kuka ya yi nisa. In ba mai yiwuwa ba ne, mu ce a'a cikin taushin murya, sa'an nan mu tsaya a kanta, domin in naci ya taɓa sauya maganarmu, gobe zai ƙara. Amma fa kada mu yi alkawarin da ba mu nufin cikawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya tashi yana ganin maganar ubansa ba ta tabbata, da wuya ya riƙe tasa ran da ya zauna shago ko ofis.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa mu cikin masu gaskiya. Amin.