Hoton Motar Baba Direba

Tun kafin in iya haɗa baƙi da wasali na iya rarrabe kukan mota. A Dudunni, a farkon shekarun 1980, ba kowane lokaci mota ke shigowa ba, don haka duk wadda ta tunkaro gari, kunnuwanmu ne ke fara tarbarta tun ƙurarta ba ta bayyana ba. Mu yara mukan yi gardama a gindin bishiya, wannan ya ce akori-kura ce, wancan ya ce a'a, babbar mota ce mai bodin katako. Wanda ya canka daidai, shi ne gwani har zuwa wata motar.

Akwai guda ɗaya da ba a gardama a kanta. Tsohuwar Bedford ce mai bodin katako, an yi mata fenti kore da ja, a goshinta an rubuta "Haƙuri Maganin Zaman Duniya". Mai tuƙa ta dattijo ne, abokin mahaifina, kowa na ce masa Baba Direba. Ranar kasuwa tun da duku-duku take tsayawa a bakin gari. A fara loda buhunan gero da dawa da gyaɗa, a ɗora awaki, sannan mutane su hau bisa kaya. Yaron mota ya zare weji daga bayan taya, ya bi ta da gudu, ya kama ƙarfe ya ɗane. A cikin motar nan aka kai gara gidajen amare, a cikinta aka ɗauki masu naƙuda da dare zuwa asibitin Kankiya, a cikinta 'yan ci-rani suka bar gari bayan girbi, ita kuma ta dawo da su da faɗuwar ruwan farko.

Ina aji huɗu na firamare kawuna ya fara tafiya da ni Kankiya. Ranar da na fara tsayawa a bakin titin Kano zuwa Katsina, na rasa inda zan sa idona. Fijo 504 doguwa ta wuce da mutane cike har kujerar baya. Kawu ya ce mini a Kaduna ake harhaɗa ta, kuma gaskiya ya faɗa, don tun 1975 kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa a can. Ga akori-kura, ga hayis, ga tirela mai dakon kaya zuwa Jibiya da Maraɗi, ga manyan Marsandi masu dogon hanci suna nishi da buhunan hatsi. Da muka koma gida na yage bayan littafin lissafina na rubuta lambobi uku da na haddace. Daga wannan rana duk zuwan da zan yi titi da fensir nake tafiya.

Littafin nan yana nan har yau, ya yi jawur don tsufa. Idan na buɗe shi, tarihin ƙasarmu nake gani a jere. Shafukan farko cike suke da KD, domin a lokacin muna cikin Jihar Kaduna, sai KN ta Kano da SO ta Sakkwato jefi-jefi. Ranar 23 ga Satumba, 1987, Janar Ibrahim Babangida ya ƙirƙiro Jihar Katsina. Bayan 'yan watanni na rubuta KT ta farko, har na ja mata layi biyu a ƙasa. A rediyo na ji an ba mu jiha, amma a jikin mota na fara ganinta da idona. Daga baya motocin Hukumar Sufuri ta Jihar Katsina, waɗanda kowa ke kira KTSTA, suka fara zirya a wannan titi. Da aka sauya fasalin lamba a shekarun 1990 sai na koyi wani sabon karatu: jan rubutu na motar haya ne, shuɗi na motar gida, kore na gwamnati, sannan haruffa uku su nuna ƙaramar hukumar da aka yi wa mota rajista. Duk ranar da na hangi KSD ko KNK a wani gari mai nisa, ji nake kamar na gamu da ɗan'uwa.

A 1993, ina karatu a Kano, na tara kuɗin da nake samu a ɗinkin hula na sayi kyamara Yashica ta hannu a Sabon Gari. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, ga kuɗin fim ga kuɗin wanki, saboda haka ba a danna ta a banza. Da kuskure na koya. Na gane cewa hoton mota da hantsi ake ɗaukarsa ko bayan la'asar, rana tana bayan mai ɗauka, don da tsakar rana gilashi kan mayar da haske ya ɓata komai. Na gane cewa ba a tsayawa a gabanta sak, sai a ɗan karkace ta kusurwa, yadda lamba da goshi da rubutun gefe za su fito tare. Abin da ya fi waɗannan duka, na gane cewa tasha tana da masu ita. Sai an yi sallama, an gaida shugaban tasha da 'yan kamasho, an nemi izinin direba. Kuma ban taɓa ɗaukar mota matan mutane na ciki fuskarsu a bayyane ba. Nakan jira kafin a fara lodi, ko bayan an sauke.

Kano ta wancan lokaci gonar hayis ce. Daga Bata zuwa Kurna da Rijiyar Lemo, daga 'Yankura zuwa Kabuga, kwandasta na rataye a bakin ƙofa, kuɗi a naɗe tsakanin yatsunsa, yana dukan jikin mota yana kiran unguwanni da wata murya da ba a koyar da ita a makaranta. A tasha kuma ɗan kamasho na ta faɗin "Saura mutum ɗaya!" Na ɗauki hayis masu yawa, amma rubutun jikinsu ya fi jan hankalina. Wani ya rubuta "Allah Ya Kiyaye", wani "Duniya Labari", wani "Na Gode Uwa". Kowane direba da abin da ya gani a duniya, ya taƙaita shi a kalma biyu ko uku, ya biya mai fenti ya rubuta, ya riƙa yawo da shi gari-gari. A cikin motocin kuwa kaset ɗin Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa maƙwabciyarmu, shi ne abokin tafiya, domin direbobi sun san ya san darajarsu.

Da hutun ƙarshen shekarar na koma gida da saura hoto biyu a fim. Na tarar da motar Baba Direba a bakin gari, ta ƙara tsufa, an ɗaure ƙofar gefen direba da igiya, fentin goshi ya fara kankarewa. Shi kuma yana durƙushe yana zuba ruwa a lagireto. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ina neman alfarma. So nake in ɗauki hoton motar nan."

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ɗan nan, duk sababbin motocin da ke birni ba su ishe ka ba, sai wannan gyatuma?"

Na ce, "Baba, ita ce ta fara kai ni Kankiya."

Ya yi shiru jim kaɗan. Sannan ya ce in dakata. Ya kira yaron motarsa ya goge gilashi da tsumma, shi kuma ya wanke hannu, ya gyara zaman hularsa, ya tsaya a gefen fitila ya ɗora tafinsa a kan hancin motar, kamar yadda mai doki ke dafa wuyan dokinsa. Ya ce, "To, bismilla. Amma ka tabbata rubutun ya fito." Na ɗauki ɗaya. Ya fito, har da igiyar ƙofa.

Ba a yi shekara uku ba injin ya buga, aka rasa kayan gyara. Motar ta daɗe a ajiye a bayan gidansa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, katakon ya zama makamashi, daga ƙarshe 'yan gwangwan suka yanka ƙarfen suka auna a sikeli. Shi ma Baba Direba Allah ya yi masa rasuwa ba da daɗewa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Shekaru da yawa bayan haka, wata rana da yamma, babban ɗansa ya yi sallama a ƙofar gidana. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, an ce mini kana da hoton Baba." Ashe duk gidansu babu hotonsa ko ɗaya, sai ɗan ƙaramin da ke jikin lasin, shi ma ruwa ya cinye shi. Na shiga na ɗauko. Mutumin nan, da furfurarsa, ya riƙe hoton da hannu biyu ya kasa magana. Can ya ce, "Wallahi jikokinsa ba su san fuskarsa ba. Kuma da wannan motar ya ciyar da mu, ya aurar da mu." Na sa aka wanke masa babba, yanzu yana rataye a ɗakin mahaifiyarsu. Mutanen da suka daɗe suna tambayata amfanin ɗaukar hoton ƙarfe, tun daga ranar ban ƙara rasa amsar da zan ba su ba.

Sha'awar nan ba kullum take tafiya lami lafiya ba. Bayan harin da aka kai Kano ranar 20 ga Janairu, 2012, gari ya cika da tsoro, duk wanda aka gani yana ɗaukar hoto a bainar jama'a abin zargi ne. Wata rana a wata tasha na yi gaggawa, na ɗaga waya ban nemi izini ba. Nan take mutane suka kewaye ni, aka karɓe wayar, aka zaunar da ni a benci ana yi mini tambayoyi. Wani tsohon direba ne ya karɓi wayar ya riƙa duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a kan wata hayis ya ce, "Ai wannan ni na tuƙa ta." Shi ya sa aka sallame ni. Ban riƙe kowa a zuciya ba, mutanen da suka ga abin da suka gani dole su yi hattara. Amma na ƙara riƙe darasin farko: izini kafin hoto.

A gaban idona titi ya sauya kama. Zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka shigo da babura masu ƙafa uku da ake kira A Daidaita Sahu. A watan Janairun 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano, sai masu ƙafa ukun suka mamaye ko'ina, hayis ɗin cikin gari suka yi ta raguwa. A titin Katsina kuma Fijo 504 ta ba Golf da Sharon da homa wuri. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, na ga direbobin da na sani shekara da shekaru sun jingine motocinsu, don kuɗin lodi ba ya mayar da kuɗin mai. Kowace mota da ta fita daga hanya, da labarin wani gida take fita.

A wasu ƙasashe ba a barin irin wannan ya salwanta. A Ingila akwai mutanen da aikinsu na sha'awa shi ne rubuta lambobin bas da jiragen ƙasa da ɗaukar hotunansu. Da aka janye jajayen bas masu bene na Routemaster daga aikin yau da kullum a Landan a watan Disambar 2005, jama'a sun fito sun yi musu bankwana, kuma birnin yana da gidan tarihi na sufuri inda ake ajiye tsofaffin motocinsa. Mu kuwa motocin da suka ɗauki gyaɗarmu da audugarmu, suka kai alhazanmu filin jirgi, suka kai yaranmu makarantun kwana, a kan kilo muke sayar da su, ko hoto ba mu ajiye ba.

Don haka nake kira ga matasanmu na Dudunni da Kusada da Kankiya, da duk wanda ke da waya a aljihu. Abin da na sha wahalarsa da fim mai 36, ku a banza yake zuwa muku. Ku je tasha ku yi sallama, ku nemi izini, ku ɗauki motar kasuwar garinku tare da direbanta da yaron motarsa. Ku rubuta rana da wuri da lambar mota da hanyar da take bi, domin hoton da ba a san ranarsa ba rabin shaida ne. Ku zauna da tsofaffin direbobi tun suna raye, su gaya muku yadda hanya take kafin a zuba kwalta. Ina kuma roƙon ƙungiyoyin direbobi da hukumomin sufuri da masu kula da tarihi da al'adu a Jihar Katsina su ware ko da tsohuwar mota ɗaya daga kowane zamani a adana ta, yaran gobe su gani su taɓa.

Motar Baba Direba ta fi shekara ashirin tana hidimar garinmu. Yau abin da ya rage nata a duniya hoto ɗaya ne, kuma da ban nemi alfarma ba a wannan rana, da ko shi babu.