Tun Ran Gini, Ran Zane

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in faɗa wa jama'a kuskuren da na yi, don kada wani ya taka inda na zame.

Ni akawu ne, na yi karatu a makarantar Mishan, saboda haka a gidanmu duk abin da ya shafi boko ni a kan tambaya. Wana yana zaune a Ingila da iyalinsa. Da ɗansa ya kai shekara 16, sai ya aiko mini cewa yaron yana son aikin likita, ga shi an ce ya zaɓi darussa uku, waɗanne zai ɗauka? Na ce ya ɗauki waɗanda ya fi ganewa, in ya ci da kyau kowace ƙofa ta buɗe masa. Yaro ya ɗauki Tarihi da Labarin Ƙasa da Lissafi. Ashe na yanke hukunci a kan abin da ban bincika ba.

Ga yadda abin ya ke. A Ingila yaro mai shekara 16 ya kan yi jarrabawar GCSE, wadda aka fara a 1988, a kan darussa kamar takwas zuwa goma. Daga nan sai ya zubar da sauran, ya riƙe uku kawai har shekara biyu, sa'an nan ya yi babbar jarrabawa da su ke kira A-level, wadda aka kafa tun 1951. Da ita a ke shiga jami'a.

Abin mamaki, tun kafin a yi jarrabawar a ke neman wuri. A farkon shekarar ƙarshe yaro ya kan rubuta wa ofishi guda, UCAS, ya ambaci wurare har biyar, malamansa kuwa su ƙiyasta sakamakon da zai samu. Jami'a ta amsa da sharaɗi, ta ce in ka sami kaza mun ɗauke ka. Ya riƙe biyu, ɗaya ta gaban goshi, ɗaya ta ko-ta-kwana. A yi jarrabawa a Mayu da Yuni, sakamako ya fito wata ranar Alhamis cikin Agusta. Wanda bai cika sharaɗi ba sai ya nemi ragowar gurabe. Masu son likitanci kuwa, da masu son Okusfod ko Kambirij, tun tsakiyar Oktoba a ke rufe musu ƙofa, kuma galibin makarantun likita ba su duban wanda bai yi Kemistiri ba.

To, nan gizo ke saƙa. Sai da ɗan wana ya zo cika takarda, sa'an nan ya gane ƙofar da ya ke so ta rufu tun shekarar da ta wuce, kuma da bakina aka rufe ta. Ya ci darussansa uku sarai, amma dole ya koma ya karanta Kemistiri, tsararrakinsa suka wuce shi, ubansa ya yi ɗawainiyar da ba ya shirya ba. Wana bai taɓa yi mini gori ba, wannan kuwa ya fi mini ciwo.

Saboda haka ina jan kunnen iyaye masu 'ya'ya a can, da masu niyyar aikawa. Ku fara duba abin da jami'a ke nema, kana yaro ya zaɓi darasi. Mu kuma da a ke kira 'yan boko, in an tambaye mu abin da ba mu sani ba, mu ce sai mun bincika. Tambaya ba ta ɓad da matafiyi.

Allah ya sa mu gane, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.